Na Tafi Neman Giwa, Na Dawo da Ɓera

A shekarar 2019, ina aji uku a sashen nazarin halittu, malaminmu ya kira ni ofishinsa ya shaida mini cewa wata gidauniya ta ƙasar waje ta ba shi tallafin bincike, kuma a cikin kuɗin an keɓe gurbin ɗalibai biyu da za su bi shi daji tsawon dogon hutu don koyon nazarin dabbobi masu shayarwa. Da ya ambaci Yankari, ban ƙara jin sauran bayaninsa ba. Giwa kawai nake gani.

Mai karatu ya sani, a gidanmu na Azare dogon hutu suna ne kawai. Yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke tseren tsawo da gero, kuma ni ne babba a cikin maza. Da na kai wa mahaifina labari, ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "To, wa zai kama mini noma?" Na ce, "Baba, akwai ɗan abin da za a riƙa ba mu duk wata." Da wannan kuɗi aka ɗauki 'yan ƙodago biyu suka tsaya a madadina. Na kan ji ana yabon irin wannan tallafi da manyan kalmomi, amma a wurina farkon amfaninsa ke nan: ya fanshi wata uku na rayuwata daga hannun fartanya. Ɗan mai hali yana iya zuwa koyon aiki kyauta. Ɗan manomi kuwa sai an biya gurbin da ya bari a gona.

Yankari dai ba ta ba ni kunya ba. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Na ga gwanki da ɓauna a kusa da kogin Gaji, na yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, birai kuma suka yi mini fashin burodi da rana tsaka. Giwa sau ɗaya tak na hango ta, don da damina ruwa ya wadata a ko'ina, ba ta da dalilin zuwa bakin kogi.

A rana ta uku Malam ya sauke wani akwati cike da ƙananan tarkuna na gwangwani, irin masu ƙofa da ke kama dabba da ranta. Ashe binciken na ɓeraye ne, a ƙauyukan da ke gefen dajin. Na ce, "Malam, ɓera kuma?" Ya ce, "Shi ma nono yake ba 'ya'yansa." Ban ɓoye ba, gwiwata ta yi sanyi. Me zan faɗa a Azare, alhali duk unguwa ta san na tafi wajen giwaye?

Aikin kuwa ba na raggo ba ne. Da yamma mu jera tarkuna a ɗakunan ajiya da gindin rumbu da bakin gona, mu sa tunkuza a ciki. Da asuba, bayan salla, mu zagaya kafin rana ta gasa abin da ya kamu. Ba a taɓa ko ɗaya sai da safar hannu da takunkumi. A auna nauyi, a auna tsawon jiki da wutsiya da ƙafar baya da kunne, a rubuta inda aka kama shi da ranar. Wata rana na ga na gaji, na ƙiyasta tsawon wata wutsiya da ido na rubuta. Malam ya lura. Bai yi faɗa ba, ya dai soke layin gaba ɗaya, ya ce abin da ba a auna ba, ba a san shi ba. Na sha karanta irin wannan magana a littafi, amma sai da na ga wahalar dare guda ta tafi a banza sannan ta zauna mini.

Sannu a hankali idona ya buɗe. Abin da na tashi ina kira ɓera ashe jama'a ce mai yawa. Akwai baƙin ɓeran gida mai doguwar wutsiya, akwai gafiya, jaɓa kuwa ba ma danginsu ba ce, ƙwari take ci. Akwai kuma wanda masana ke kira Mastomis, wanda macensa kan yi nonuwa har 24, ta ɗauki ciki na kimanin mako uku, ta zubo 'ya'ya goma ko fiye. Giwa sai ta yi wata 22 kafin ta haifi ɗa guda. Wannan ɗan ƙaramin shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Shi ba ta kayar da shi, sai dai ya zubar da ita a fitsari da kashi a kan abincin mutane. Jiharmu tana cikin waɗanda cutar ta fi addaba, musamman da rani. A nan ne kunyata ta gushe, domin giwa ba ta taɓa shiga ɗakin uwata ba.

Ba zan ce komai ya yi daɗi ba. Masu ba da kuɗi su ke zaɓen tambaya, kuma ƙauyukan da aka rubuta musu tun farko su kaɗai aka yarda mu taka. Na roƙi a ba mu ko mako guda mu kafa tarkuna a ƙasar Katagum, aka ce ba ya cikin yarjejeniya. Rahoton ya fita da Turanci, mutanen da suka buɗe mana rumbunansu ba wanda ya koma ya karanta musu shi. Da wa'adi ya cika kuɗi suka yanke, aka nannaɗe tarkuna, kuma ɗaliban da suka biyo bayanmu ba su sami gurbin ba.

Kafin a koma makaranta na je garin Katagum gaishe da kakata. Na tarar ta shanya tsaki a tabarma a tsakar gida, kwanon tuwon dare kuma a buɗe a bakin ƙofa. Na duba gindin buhunanta na ga ƙananan kashi baƙaƙe, waɗanda da can ba zan ko kula da su ba. Da ragowar kuɗin watan ƙarshe na sayo mata ganga mai murfi da kwanoni uku masu marafai. Ta yi ta dariya tana cewa, "Mai gidan, boko ya mayar da kai kyanwa." Amma da na koma da Babbar Salla na iske gerona a cikin ganga, ta kuma ɗora dutse a kan murfin.