Baƙaƙen Maɓallai Biyar

A Gadarif, garin riɗi da dawa na gabashin Sudan, inda jikokin mahajjatan ƙasar Hausa suka kafu, fiyanon da aka fi sani shi ne na lantarki, wanda makaɗa ke ɗauka zuwa gidan biki. Mai koyar da shi ba ya samun ɗalibai iri ɗaya. Yaro ɗan shekara bakwai yatsunsa da laushi, sai dai hannunsa ƙarami ne, haƙurinsa gajere. Magidanci kuwa kunnensa cike yake da waƙoƙi, amma yatsun sun sandare, ga kunyar yin kuskure a gaban ƙananan yara. Da yawa wannan kunyar ce ke korar su, ba wuyar kiɗan ba.

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Baƙaƙen jere suke biyu da uku, kuma kowane biyar suna ba da sautuka biyar ɗin da yawancin waƙoƙin Sudan suka ginu a kansu, har da na A'isha Falatiya. Don haka malami mai hikima daga nan yake farawa. Yaro ya yi ta wasa a kansu ba tare da sauti ya kauce ba. Babba ya tsinci waƙar da ya sani tun yana goye, kunyarsa ta ragu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma wanda ya girma ma yana koyo, muddin aka fara masa da abin da kunnensa ya riga ya sani.