Tarhon Baba

Kura, Jihar Kano

Assalamu alaikum Yaya,

Mu nan sai godiya. An sako ruwa daga Tiga, mun gama dashen tumatir a gonar wajen Kadawa, albasar Bunkure ma ta kama.

Saƙonka ya iso, cewa in kai tarhon Baba kasuwar Farm Centre a kwashe kayan cikinsa a dasa masa na salula. Yaya, ka yi haƙuri, a wannan ban bi bayanka ba. Ka saurari dalilina tukuna.

Na kwance gindinsa ranar Juma'a. Ban da ƙura da wani tsohon gidan zanzaro a kusurwa, babu abin da ya same shi. Ƙararrawar nan biyu ta tagulla tana nan, da 'yar gudumarta a tsakiya. Na sa yatsa a ramin sifili na ja faifan har maƙura, na saki, ya koma a natse da gurnaninsa, yadda muka saba ji a shagon Baba na Fagge, lokacin da duk lambar Kano ke farawa da 064. Abin da ya kai waɗannan shekaru bai gaza ba, a ce mu farke cikinsa da hannunmu?

Matsalarsa ɗaya ce. Idan faifan yana komawa, katse wutar layi yake yi yana mayarwa, wajen sau goma a daƙiƙa, kamar mai ban ruwa yana toshe bakin fangali yana buɗewa. Ka ja 3 ya katse sau uku, ka ja sifili ya katse sau goma, injin ofishin waya kuma yana ƙirgawa. Na'urorin yanzu yawancinsu ba sa wannan ƙirge, amo suke saurare. Tun 1963 kamfanin Bell ya fito da wayar dannawa a Amurka, inda kowace lamba ke fitar da amo biyu a haɗe. Lamba 5, misali, amo ne mai kaɗawa sau 770 a daƙiƙa tare da mai 1336. Mu nan da muka watsar da wayar girke bayan zuwan GSM a 2001, tarhon Baba ya rasa mai jin maganarsa, shi ke nan.

Abin da ake bukata abu biyu ne, kuma duk a waje za su zauna. Na farko akwatin nan da ake sa wa layin salula, mai ramin da ake soka igiyar tarho a bayansa. Na biyu wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, tana shiga tsakani, ta ƙirga katsewar faifan ta mai da ita amo. Akwai akwatunan da ke gane faifan da kansu, in ka dace da irinsu an huta da na biyun. Kai da ke Legas ka fi mu kusa da masu shigo da su. Amma don Allah kada ka biya sai ka tambayi ƙarfin bugunsa. Ƙararrawar ƙarfe tana son wutar da ta ninka ta batirin mota wajen sau shida, ƙananan akwatuna da yawa ba sa iya motsa ta, sai dai ka ji tana ƙyas-ƙyas. Wuta kuwa kada ta dame ka, batirin solar gida zai riƙe shi.

Gaskiya akwai abin da za a rasa. Faifan ba shi da tauraro ba shi da alamar tsani, don haka sa kati sai dai mu tura daga wayoyinmu. Lambobi goma sha ɗaya kuma a faifai sai mai haƙuri.

Ni dai Hajiya nake dubawa. Idonta ya yi rauni, wayar shafawa da ka aiko mata kullum tana ƙarƙashin filo, in ta yi ƙara sai ta nemi jika ya amsa mata, in yaran suna gona kiran ya wuce. Wannan kuwa ƙararsa har zaure ake ji, ɗagawa kawai za ta yi. Hannunta ya san shi. Da na ɗora mata shi a cinya, ido rufe ta ja lambar shagon Baba ba ta yi kuskure ba, Allah ya jiƙansa da rahama. Na ce mata kai za ka fara kiranta a kansa, ta ce to ka hanzarta.

In ka samu kayan, ka ba direban da ke kawo maka shinkafa, ya sauke mini a bakin titin Zariya. Ka haɗo da igiyar tarho mai tsawo, don ta nan ɓera ya taɓa ta, kuma so nake in girke shi kusa da gadonta.

Hajiya tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan takwararta.

Wassalam,
Ƙaninka