Lokacin da Java take zuwa a matsayin gyara

Shekaru ashirin da suka wuce, idan banki ko kamfanin rarraba kaya ya sayi manhajar lissafi ko ta biyan albashi, faifan da ake kawo masa yakan zo da Java a ciki. Injiniyan da mai sayarwa ya turo zai saka faifan, ya yi ta danna "na gaba", ya amince da dogon rubutun lasisin da shi kansa bai karanta ba, ya karɓi sa hannu ya kama gabansa. Manhajar ba ta tashi sai da Java a ƙarƙashinta, amma kowa ya ɗauke ta kamar gyaran da mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Ba a rubuta ta a littafin kayan ofis, balle a ware mata kuɗi.

A wancan zamani babu laifi a haka. Sun Microsystems, wanda ya fitar da Java a 1995, burinsa ta shiga kowace kwamfuta, don haka ya sake ta kyauta. Oracle ya saye Sun a 2010 kan kusan dala biliyan 7.4, aka yi shekaru ba a ga wani canji ba, har aka saki jiki.

A 2019 ne lissafi ya juya. Sabuntawar 8u202 ta watan Janairu ita ce ta ƙarshe a ƙarƙashin tsohon lasisi. Daga 8u211 ta watan Afrilu, mai amfani da Java 8 ta Oracle don harkar kasuwanci sai ya biya. Ga inda ƙurar take: wannan ɗan saƙon da ke leƙowa a kusurwar allo yana cewa a sabunta, wanda masu kula da kwamfutoci suka daɗe suna roƙon ma'aikata kada su yi watsi da shi, shi ne ya iya jefa kamfani cikin bashi da dannawa ɗaya.

A Janairun 2023 kuma Oracle ya koma ƙirga dukkan ma'aikata maimakon masu amfani da ita da na'urori, har da na wucin gadi da 'yan kwangila, a kan dala 15 kowane mutum a wata ga ƙananan kamfanoni. Mai ma'aikata 500 zai biya dala 90,000 a shekara, ko da akanta ɗaya ne ke buɗe manhajar. A ganina wannan awo bai yi adalci ba, sai dai lasisi ba ya sauraron ra'ayi.

Wasu masu sayar da manhaja suna da yarjejeniya da Oracle wadda ta rufe Java ɗin da suka haɗo, amma don manhajarsu kaɗai. Wasu ba su da komai. Don haka mai kula da kwamfutocin kamfani, ka nemi amsar a rubuce, kuma inda manhajar ta yarda, ka koma nau'o'in Java na OpenJDK irin su Temurin ko Corretto, waɗanda har yau kyauta ne.