Raɗaɗin fitsari a kwanakin al'ada

Mata da yawa suna kiran duk wani zafi da ke gabansu da suna ɗaya: sanyi. Idan ya zo tare da jinin al'ada, sai a lissafa shi cikin wahalar wata, a daure har ya wuce. Amma ƙarƙashin wannan suna akwai larurori daban-daban, kuma kowace da maganinta.

Wadda aka fi gani ita ce shigar ƙwayoyin cuta mafitsara. Bututun fitsarin mace kusan santimita 4 ne, na namiji kuwa ya kai 20, ga shi kuma kusa da dubura, inda ƙwayar E. coli take fitowa. Ƙunzugu ko audugar da ta daɗe a jiƙe tana sauƙaƙa mata hanya. Mace takan ji fitsari ya matse ta a kai a kai, kaɗan ya fito, da zafi daga ciki.

Wani lokaci zafin daga waje yake. Gogar auduga, sabulu mai turare da kayan matsi suna sa fata ta yi ɗanye, fitsari na taɓa ta sai raɗaɗi. Akwai kuma sinadarin furostagilandin, wanda ke matse mahaifa don jini ya fita. Mafitsara tana jingine da mahaifa, don haka takan sha rabonta na ciwon mara, ya lafa bayan kwanakin farko.

Raɗaɗin da ke dawowa kowane wata, yana tsananta, wani sa'in har da jini a fitsari, yana iya zama endometiriyosis: nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a jikin mafitsara. Wadda ta taso tana wanka ko wanki a rafi ko madatsar ruwa kuwa, ya kamata a duba ta ko tsargiya ce.

Gwajin fitsari ne matakin farko na rarrabe su. Mai al'ada ta sanar da likita, ta yi tsarki, ta tari fitsarin tsakiya don kada jini ya gurɓata sakamako. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba gwaji yana iya danne alama, ya bar ƙwayar ta ƙara taurin kai. Idan zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi suka biyo baya, mai yiwuwa cutar ta kai ƙoda, a tafi asibiti a ranar.