Na Ziyarci Kabarin Da Ake Jingina Wa Sa'adu Ɗan Abi Waƙƙas A Ƙasar Sin

Fatakenmu na Tsafe da Gusau da Bunguɗu masu zuwa sarin kaya ƙasar Sin sun daɗe suna tambayata, wai gaskiya ne akwai kabarin sahabi a birnin Guwanzu? Da Allah Ya nufe ni da rakiyar wani ƙanena zuwa can, na ƙudura ba zan komo ba sai na gani da idona.

Guwanzu yana kudancin Sin, a bakin wani babban kogi, kuma shi ne Larabawan da suke kira Khanfu. Tun 1957 ake cin babbar kasuwar baje koli a cikinsa. Ƙanena ya shige unguwar Shawbe, matattarar baƙin Afirka, ya bar ni a hannun tafintansa, wani Musulmi ɗan kabilar Hui wanda ya yi karatun Larabci. Da Larabcin muka riƙa magana har muka zama abokai. Abin da ya fara gyara mini shi ne alƙibla: mu da muka saba cewa mun fuskanci gabas, can yamma ake dubawa.

Ya fara kai ni masallacin Huwaishen, watau masallacin tunawa da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Rufinsa irin na gidajen Sinawa ne, amma hasumiyarsa kewayayya ce, sumul, tsawonta wajen mita 36, ba ta yi kama da kome na ginin ƙasar ba. Abokina ya ce a da kogi yana kusa da gindinta, fitilarta ke yi wa jiragen ruwa jagora. Yanzu kogin ya ja baya, benaye sun kewaye ta. Mutanen wurin suna cewa an kafa masallacin a 627, an kuma sake gina shi a 1350 da 1695.

Ranar Juma'a muka tafi ɗaya masallacin, inda kabarin yake, cikin wata tsohuwar maƙabarta mai itatuwa. Na yi sahu tsakanin Balarabe da mutumin Pakistan, a bayana kuwa ina jin Hausar Nijar. Kabarin yana cikin wani ɗan ɗaki mai ƙubba, wanda in an yi karatu a ciki murya takan amsa. Abokina ya sassauta murya ya ce, "Ya Shaihu, ga wanda ya kawo mana Musulunci."

A nan hankalina ya rabu biyu, domin mutumin ya karrama ni ƙwarai, ga shi kuma abin da na karanta dabam ne. Malaman tarihin sahabbai, irin su Ibnu Sa'ad da Zahabi da Ibnu Hajar, sun tafi a kan cewa Sa'adu, Allah Ya yarda da shi, jagoran yaƙin Ƙadisiyya, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ya rasu ne a gidansa na Aƙiƙ kusa da Madina. Aka ɗauko shi a kafaɗa, Marwanu ɗan Hakam ya yi masa salla, aka rufe shi a Baƙi'a, a shekara ta 55 bayan Hijira bisa magana mafi shahara. Shekarar 627 kuwa ita ce ta yaƙin Handaƙ, sa'ad da Sa'adu yake Madina tare da Manzon Allah. Ban yi magana a bakin kabarin ba. Na yi sallama ga ma'abuta ƙaburbura, na roƙa musu gafara, muka fito.

Sai da muka zauna cin taliyar naman sa a wani shagon Musulmi sa'an nan na faɗa masa. Ya yi shiru, kana ya ce, "To, wa ke kwance a ciki?" Na ce Allah ne Masani, amma Musulmi ne na farkon zuwa, kuma zatona bafatake ne, domin abin da tarihi ya tabbatar shi ne fatake. Littafin labarin Sin da Hindu da aka rubuta a 851, wanda ake jingina wa Sulaimanu Attajiri, ya ambaci cewa sarkin Sin ya naɗa wa Musulmin Khanfu wani daga cikinsu yana yi musu hukunci, yana ba su sallar Idi da huɗuba. Abu Zaid mutumin Siraf kuma ya ruwaito cewa da ɗan tawaye Huwan Caw ya ci garin wajen 878, an kashe baƙi 120,000, Musulmi da Yahudu da Nasara da Majusu. Ko da an yi ƙari a lissafin, ya nuna yawansu. Ibnu Batuta ma, wanda daga baya ya zo Mali da Takadda, ya ambaci unguwar Musulmin garin da masallacinsu da alƙalinsu. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tun da Wangarawa fatake ne suka shigo Kano da addini zamanin Sarki Yaji.

Saboda haka amsata ga masu tambaya ita ce: wanda ya je sari, ya yi Juma'a a can, ya ziyarci maƙabartar kamar yadda ake ziyartar kowace maƙabartar Musulmi. Amma kada ya shafi bango don neman tubarraki, kada kuma ya dawo Tsafe yana rantsuwa ya ga kabarin sahabi.

Abokina dai bai sallama ba. Da ya raka ni tashar jirgin ƙasa ya riƙe hannuna ya ce kakanninsa sun fi shekara dubu suna riƙe da wannan suna, kuma da shi suka riƙe salla a ƙasar da ba ta Musulmi ba. Na ce na ji, na kuma yi masa alkawarin aiko masa da juzu'in Isaba na Ibnu Hajar wanda tarihin Sa'adu yake ciki. Ya ce zai karanta.