Masu kallo ne ke raya wasa

Yau za mu leƙa Ingila, mu ga wani irin teyatur da ya haura shekara 140 ana yin shi, kuma har gobe jama'a na cika zaure don su kalle shi, ko da masu wasan ba ƙwararru ba ne.

Wasan ban dariya ne, rabi magana rabi waƙa, irin wanda Faransawa ke ce ma operet. A Ingila, in an ambaci wannan wasa, mutum biyu ake tunawa: Gilbert mai rubuta labari da baitoci, da Sullivan mai tsara kiɗa. Tsakanin 1871 da 1896 sun yi wasanni 14 tare. Wani ɗan kasuwa, Richard D'Oyly Carte, ya gina musu gidan wasa na Savoy a Landan a 1881. Can aka fara nuna Mikado a 1885, aka yi shi sau 672 a jere.

Abin da ya ja mutane shi ne tsokanar manya. A wasan H.M.S. Pinafore na 1878 akwai ministan sojan ruwa wanda bai san teku ba sam. Daga yaron ofishin lauya ya yi ta hawa, da ladabi da bin jam'iyya, har aka damƙa masa jiragen yaƙin ƙasa. A lokacin kuwa, mai riƙe da wannan muƙami na gaske shi ne W. H. Smith, attajiri mai sayar da jaridu da littattafai. Ba a kira sunan shi ba, amma kowa ya gane inda aka dosa. Kun ga ai habaici ba mu kaɗai muka iya shi ba.

To, nan ne labarin ya ɗauki hankalinmu. Tun Gilbert da Sullivan na raye, ƙungiyoyin ƴan sa-kai suka fara neman izini suna yin wasannin a garuruwansu. Malaman lakwal ne, da ma'aikatan banki, da likitoci, da masu shaguna, waɗanda ke haɗuwa da yamma bayan tashi daga aiki su yi ta bita wata da watanni. Ba a biyan su, su ne ma ke zuba kuɗin ƙungiya. A 1899 irin waɗannan ƙungiyoyi suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu mai suna NODA. Har ƙarshen 1961 sai da izinin kamfanin D'Oyly Carte ake yin wasan. Daga nan haƙƙin mallaka ya ƙare, kowa ya samu dama.

A 1982 kamfanin ƙwararrun ya rufe saboda rashin kuɗi. An sake tada shi daga baya, ya sake tsayawa. Amma wasannin ba su mutu ba, don ƴan sa-kai ba su daina ba, masu kallonsu ma ba su daina zuwa ba. Tun 1994 ake yin babban biki na waɗannan wasanni, wanda aka fara a garin Buxton, inda ƙungiyoyin ƴan sa-kai ke gasa, har da masu zuwa daga Amurka.

Me ke kai mutum ya biya kuɗi ya kalli wanda muryar shi ke iya shaƙewa tsakiyar waƙa? Da farko dai, ɗan gari ne. Ganin likitan da ya duba ka jiya sanye da rigar sarkin ƴan fashin teku, wannan kaɗai dariya ce. Sannan masu kallon sun san labarin, da yawa sun haddace waƙoƙin tun suna yara. Ba ƙarshen labari suka zo gani ba, yadda za a yi shi bana suka zo gani. A Mikado akwai wata waƙa da hauni ke lissafa mutanen da suka ishi jama'a. Al'ada ce a sabunta jerin duk lokacin da za a yi wasan, a sa ƴan siyasar yau da abin da ke damun gari. Nan zaure ke kaurewa da shewa. Kuma kuɗin ƙofa su ke biyan hayar zaure, da kayan sawa, da makaɗa. Ranar da kujeru suka zama fanko, ƙungiya ta watse.

Mu nan Nijar wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Zamanin samariya, kowace jaha na da ƴan teyatur nata, ana gasa a bikin matasa na ƙasa. Yazi Dogo, wanda ya sa ƙasa duka dariya a tele, malamin lakwal ne, abokan wasan shi kuma da yawansu ma'aikata ne masu wasa bayan aiki. Abin da ya ɗaga su shi ne jama'ar da ke cika gidan matasa, suna dariya, suna mayar da magana, washegari a kai hirar kasuwa da fada.

Yau waya ta kawo mana wasa har kan tabarma, kuma ba laifi. Amma wanda ke kan dandali ba ya jin dariyar da aka yi a waya. Don haka in kun ji ƴan lise ko matasan unguwa za su yi teyatur a MJC, ku je. Ku biya kuɗin ƙofa, kada a ce sai an shiga da sanayya. Ku tafi da yara. In ɗan wasa ya manta magana, ku yi masa tafi ya ci gaba, don da haka na gaba zai yi ƙarfin halin hawa.