Wanda Ba A Ga Gawarsa Ba

'Yan uwana mata, akwai ƙanwar kakana da muke ce wa Goggo Babba, Allah Ya jiƙanta. Watanta bakwai a ɗakin miji aka ɗebi mijin nata soja, a 1943 aka zuba su a jirgin ruwa zuwa yaƙin Bama. Mazan jiya suka dawo, wasu da lambar yabo, wasu da gurgunta, shi kuwa shiru kake ji. Babu gawa, babu wasiƙa, babu ko wanda zai ce a gabana ya faɗi.

Abin da ya tuno mini da ita wani labari ne na wannan yaƙin dai. Lokacin da Japan ta toshe hanyar mota ta Bama, sai Amurkawa suka koma tsallaka duwatsun Himalaya ta sama tsakanin Indiya da Sin, ga hazo ga ƙanƙara, jirage ɗaruruwa suka hallaka a wurin. Ran 25 ga Janairun 1944 wani jirgin yaƙi samfurin B-24 ya taso daga Kunming zai sauka Chabua da mutum 8 a ciki, bai iso ba. Sai a 2006 wani Ba'amurke mai hawan dutse, Clayton Kuhles, mutanen yankin Arunachal Pradesh suka kai shi har kan tarkacen. A 2015 aka turo ma'aikata suka yi ta tonon ƙasa suna tankaɗe ta, wallahi kamar yadda muke tankaɗen gari, don kada ɗan guntun ƙashi ya wuce su. Aka kai abin da aka samu Amurka, aka gwada da na danginsu ta gwajin nan na DNA, sai ga shi na Laftanar Robert Oxford ne. A 2017 aka binne shi a garinsu a jihar Jojiya, shekara 73 bayan faɗuwar jirgin.

Da farko cewa na yi kai, wannan ai ɓarnar kuɗi ce, ƙashi ya san an ɗauko shi? Uwar da ta yi kukan ma ta daɗe a ƙasa. Amma da na kwanta sai Goggo ta faɗo mini a rai, na ji kunyar maganata.

Ita fa malamai cewa suka yi ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ta yi, ta sake aure, ta haifi 'ya'ya shida. To amma mu da muka taso a gabanta mun sani, in baƙuwar murya ta yi sallama a zaure, ko tuwo take tuƙawa sai ta saki muciya ta kasa kunne. Muna yara dariya muke mata, Allah Ya yafe mana. Ko sau ɗaya ban ji ta ce masa marigayi ba, sai dai "mai tafiyar nan".

Nata ba wanda ya hau dutse ko ya shiga daji nemansa. Ranar da ta rasu, da aka zo rabon kayanta, a can ƙasan adaka aka tarar da wata tsohuwar hula naɗe cikin ɗankwali, asu ya cinye gefenta. Mata suka yi ta tambayar ta wace ce, babbar 'yarta ta karɓa ta mayar inda take ba ta ce komai ba.